Takardar Neman Tallafi: Daga Littafin Inna Ake Farawa

A wani gidan renon yara da nake yawan leƙawa akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Turancinta bai wuce gaisuwa ba, amma tana da wani littafi mai baƙin bango da take ɗaurewa da roba saboda shafukansa sun fara zubewa. A ciki take rubuta komai: mudun gero nawa aka auna yau, gwangwanin madara nawa aka fasa, wane yaro ne ya kwana da zazzaɓi, wace uwa ce ba ta zo ɗaukar ɗanta ba sai bayan isha'i. Wata shekara shugabannin gidan suka ji labarin ana ba da tallafi, suka ɗauko wani matashi da ya yi suna wajen rubuta takardun neman kuɗi, suka biya shi. Ya kawo takarda mai kauri, Turanci kamar ruwa. Aka ce in fassara wa ma'aikata abin da ke ciki. Ina kaiwa inda aka ce gidan zai koya wa matasa kwamfuta, sai Inna ta ɗaga hannu.

"Malam, dakata. Waɗanne matasa? Babban cikinsu bai kai shekara bakwai ba."

"Haka aka rubuta, Inna."

"To, ba gidanmu aka rubuta ba."

Gaskiyarta. Tsohuwar takarda ce ta wata ƙungiya aka sauya mata suna. Kuɗin ba su zo ba, kuma har yau ina ganin rashin zuwansu alheri ne, don da sun zo da gidan ya ɗaura wa kansa aikin da ba shi da hanyar yi. Takardar neman tallafi, wadda ma'aikatan ƙungiyoyi ke kira furofozal, alkawari ce a rubuce: za mu yi kaza, ga yara kaza, cikin wata kaza, da naira kaza, kuma ga yadda za ku gane mun yi. Alkawari kuwa kaya ne. Wanda zai ɗauki kayan shi ya kamata ya auna nauyinsa tun kafin a ɗaure, kuma a gidan reno ko gidan marayu masu ɗaukan kayan su ne masu wanka da ba da abinci da zaman jinya, ba wanda aka yi haya ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba.

Wannan ne ya sa horar da ma'aikatan irin waɗannan gidaje rubuta takardar neman tallafi yake da muhimmanci a wurina, shi ne kuma ya sa yadda ake yin horarwar a mafi yawan lokuta yake damuna. Duk wanda ya taɓa halartar taron bita ya san tsarinsa: kwana uku a zauren otal, majigi yana haska kalmomin Turanci a bango, a raba alawus da satifiket, a watse. Wanda ake turawa galibi shugaba ne ko sakatare, wato wanda ya fi kowa nisa da ɗakin yara. Yana dawowa da kalmomi sababbi, amma idan aka buɗe fom na gaske a gabansa bayan wata biyu, sai ka ga babu abin da ya sauya. Laifin ba nasa ba ne. An koya masa ado ne, ba a koya masa gini ba.

Wannan matsala ba yau aka gano ta ba. A 1972 wani Ba'amurke mai suna Norton Kiritz ya kafa cibiyar koyar da neman tallafi a birnin Los Anjelis, domin ƙananan ƙungiyoyin unguwa da manya ke kayarwa a gasar neman kuɗi. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne cewa rubuta takardar da tsara aikin abu ɗaya ne: idan tunanin ya daidaita rubutun zai biyo baya, idan kuwa bai daidaita ba babu ƙwarewar harshe da za ta rufe gurbin. Akwai wani kuskure da ya yi ta gargaɗi a kai, kuma ina ganinsa kusan a kowace takarda da aka kawo mini in duba. Sai a rubuta cewa matsalar gidan ita ce ba shi da mota, maganinta kuma shi ne a saya masa mota. Mai karatu zai ce, to sai me? Rashin mota damuwar gida ce. Damuwar yaro ita ce jijjiga ta kama shi da ƙarfe biyun dare, mai reno ta goya shi ta fita titi tana neman adaidaita sahu, ba su isa asibiti ba sai bayan awa biyu. Idan aka faɗi matsalar haka, sai hanyoyi su buɗe: ƙila mota ce, ƙila yarjejeniya ce da wani direban unguwa, ƙila koya wa masu reno gane alamun haɗari ne tun da rana. Kuma wa ya san sau nawa hakan ta faru a daminar bara? Inna, domin tana cikin littafinta.

Saboda haka darasin farko na horarwa mai amfani ba rubutu ba ne, ajiyar bayanai ne. Rajistar zuwan yara, katin rigakafi, katin awon nauyi, rasit na kasuwa, littafin ziyarar asibiti. Mai ba da tallafi yana bambanta abin da aka yi da abin da ya sauya. Cewa an ciyar da yara sau uku a rana aiki ne. Cewa zaren awon damtse ya tashi daga ja zuwa kore sakamako ne. Zaren nan kowace ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ta san shi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya ne; sama da haka kore. Mai reno za ta iya koyon amfani da shi cikin yini ɗaya, kuma idan ta riƙa auna yara kowane wata tana rubutawa, bayan wata shida gidan yana da hujjar da babu marubucin haya da zai iya ƙirƙiro irinta.

Jadawalin nan da ke tsorata mutane, wanda ake kira logfirem, an ƙirƙiro shi ne a 1969 domin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, daga nan ya bazu duniya. Idan aka cire masa rigar Turanci, zance ne na "idan" da "to" wanda kowace uwar gida ke yi a ranta. Idan muka sayi waken suya da gyaɗa da gero muka koya wa masu girki haɗa kunu mai gina jiki, to yara za su sha shi kullum. Idan suka sha shi kullum, to nauyinsu zai ƙaru. Sai layi na ƙarshe, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi alhali shi ne mafi gaskiya: wane abu ne, wanda ba ya hannunmu, zai iya ɓata lissafin? Gudawa a lokacin damina, rijiyar da ke ƙafewa a bazara, farashin hatsi kafin kaka. Na gwada koyar da wannan jadawali da Hausa a kan tabarma, da gawayi a jikin allo, na ga matan da ba su gama sakandare ba suna cike shi fiye da yadda wasu masu digiri ke yi, don sun san amsar layin ƙarshe tun kafin a tambaye su.

Inda aka fi faɗuwa shi ne kasafin kuɗi, kuma nan ne ya kamata horarwa ta fi daɗewa. Tambayi yawancin gidajen nan nawa suke kashewa a kan yaro ɗaya a rana, sai a yi shiru. Ba don ɓarna ba. Kuɗin suna shigowa ne gutsure-gutsure, suna fita haka nan: wani bawan Allah ya kawo buhun shinkafa da azumi, wata hajiya ta biya kuɗin wuta, mai gadi ya yi haƙuri da albashinsa wata biyu. Idan aka zo rubuta kasafi sai a tuna abinci da magani, a manta gawayi da iskar gas, sabulu da omo, kuɗin ruwa wajen 'yan garuwa, kuɗin mota zuwa asibiti, gyaran famfo, katin waya, cajin banki. Waɗannan ƙananan su ne ke cinye gida a tsakiyar shekara. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a zauna da rasit da littafin cefane na wata uku, a jera komai har allura, a raba da adadin yara da adadin kwanaki. Lambar da ta fito takan girgiza kowa, amma daga ranar gidan ya san kansa. A wannan zaman ne kuma ake gano dukiyar da ba a taɓa lissafawa ba: ginin da wani ya ba da aro, aikin 'yan sa-kai, hatsin da maƙwabta ke kawowa. Masu ba da tallafi da yawa suna tambayar me ƙungiya za ta zuba daga nata ɓangaren, gidajen kuma sai su rubuta "babu", alhali suna zubawa kullum.

Sai maganar farashi. Wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya riga ya ɗaga kuɗin sufuri da na abinci. Takarda takan yi watanni tsakanin aikawa da amincewa da shigowar kuɗi. Dole a koya wa ma'aikata su rubuta ranar da suka ɗauki farashi, su tambaya ko an yarda a ware wani kaso don hauhawar kaya, su kuma san cewa ba a ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani sai da izini a rubuce. Gidaje nagari sun rasa amincin masu tallafa musu saboda sun ɗebi kuɗin littattafai sun sayi maganin yaro mara lafiya. Niyyar mai kyau ce, kuma da sun aika saƙo tun farko wataƙila da an amince.

Akwai kuma wata kunya da ke cutar da mu: kunyar sa albashi da kuɗin gudanarwa. Ana jin kamar aikin Allah bai kamata a nemi lada a kansa a duniya ba, sai a rubuta wa mai reno abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, ko ma a bar layin babu komai don takardar ta burge. Sakamakon shi ne mai renon da yara suka saba da ita ta tafi neman abin da za ta ci da nata 'ya'yan, a kawo sabuwa, ita ma ta tafi. Ga ƙaramin yaro, musamman maraya, sauyin hannu akai-akai rauni ne na gaske. Manyan masu ba da kuɗi sun san aiki ba ya tafiya babu kuɗin gudanarwa. Ko gwamnatin Amurka, a ƙa'idojinta na tallafi, ta daɗe tana barin ƙungiyar da ba ta daddale wani kaso da ita ba ta ɗauki kashi 10 cikin ɗari don kuɗin gudanarwa, daga Oktoban 2024 kuma ta ɗaga zuwa 15. Wanda ya ɓoye ainihin tsadar aikinsa yana koya wa mai tallafi cewa aikin arha ne, kuma baɗi ma haka za a auna masa.

Takardun hukuma ba su da wuyar fahimta, lokaci suke ci. Rajistar amintattun ƙungiya a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28; takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna kan nema; lambar haraji; asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum fiye da ɗaya; rahoton mai binciken kuɗi; izinin ma'aikatar mata ko jin daɗin jama'a ta jiha. Mai son aiki da UNICEF ko hukumar abinci ta duniya sai ya yi rajista a shafin abokan hulɗa na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka buɗe a 2018. Duk wanda ya bari sai an fitar da sanarwar tallafi sannan ya fara neman waɗannan ya makara, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Karanta sanarwar kanta fanni ne. Shirin ofishin jakadancin Japan na tallafa wa ayyukan al'umma, alal misali, ya fi karkata ga gini da kayan aiki, ba ya ɗaukar albashin yau da kullum. Gidauniyar TY Danjuma, da aka kafa a 2009, ta fi mayar da hankali ga lafiya da ilimi. Wanda ya aika wa na farko buƙatar kuɗin ciyarwa ya ɓata makonninsa. Kyakkyawar horarwa tana koya wa mutum ya karanta sanarwa sau biyu ya ce, wannan ba tamu ba ce, ya ajiye ta ba tare da baƙin ciki ba.

Akwai wani sauyi da masu gidajen marayu da yawa ba su sani ba, kuma yana kashe takardunsu tun daga shafin farko. Manyan masu tallafa wa yara sun juya baya ga gina manyan gidajen marayu. Wani dogon bincike da aka fara a farkon shekarun 2000 a Bukarest, babban birnin Romaniya, a kan yara 136 da ke gidajen gwamnati, ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari ci gaba a ƙwaƙwalwa da shaƙuwa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara uku, a cikin iyali ya dace a rene su. Takardar da ke neman kuɗin ƙara ɗakunan kwana don a ɗebo ƙarin yara tana tafiya ne gaba da iska. Ni dai ban ga wannan a matsayin baƙon ra'ayi da aka ɗora mana ba. Mu da muka tashi muka ga goggo ta ɗauki ɗan ƙanenta, kaka ta yaye jika ta riƙe shi har aure, mun riga mun san riƙo. Yaran da yawa da ke gidajen nan suna da uwa ko dangi a raye, talauci ne ya raba su. Gidan da zai iya rubuta cewa yana bin sawun dangi, yana tallafa wa gwauruwar uwa da jari da kuɗin makaranta, yana renon yara da rana don uwa ta fita nema, yana kuma riƙe waɗanda ba su da kowa har a samo musu iyali, ya faɗi abin da ake son ji, kuma ya faɗi abin da ya fi wa yaran. Sai dai sharaɗin shi ne ya zama da gaske hakan ake yi.

Dole kuma horarwa ta taɓa mutuncin yara. Na ga takardu ɗauke da hoton yaro tsirara, haƙarƙari a waje, da cikakken sunansa da labarin yadda aka tsince shi. Yaron nan zai girma, intanet kuma ba ta mantuwa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar kare bayanai ta 2023 suna nan, kuma tun bayan badaƙalar lalata ta ma'aikatan agaji a Haiti da ta fito fili a 2018 masu ba da tallafi sun tsananta tambaya kan tsarin kare yara daga cin zarafi: wa ke shiga ɗakin kwana, yaya ake tantance sabon ma'aikaci, wa yaro zai kai wa ƙara. Amma ko babu doka, addini da al'ada sun hana mu tallata maraicin yaro don a ji tausayi. Ana iya nuna girman buƙata da lambobi da labari marar suna.

Maganar Turanci, wadda ita ce kowa ke fara kawowa, ita ce mafi sauƙi. A rubuta da Hausa tukuna, a karanta wa masu reno su gyara, sannan a juya. Yanzu ma manhajojin waya suna iya fitar da Turanci mai santsi cikin daƙiƙu, wanda ke nufin santsin harshe ya daina bambanta takarda da takarda. Abin da manhaja ba ta da shi shi ne adadin daren da aka kwana a asibiti a watan Agusta.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da rijiyar waje ke ja baya. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 an yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020, ba a kuwa cika ba. A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, zuwa Yuli an rufe USAID gaba ɗaya. Birtaniya ma ta sanar da rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Masu nema sun ƙaru, abin rabawa ya ragu. Horarwar da ta nuna wa ƙaramin gidan reno cewa mafitarsa tana Turai kawai ta yaudare shi. Akwai hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara, akwai 'yan kasuwa, kamfanoni, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan gari mazauna ƙasashen waje. Attajirinmu ba ya neman logfirem, amma ya gaji da ba da kuɗi ba tare da ya ji inda suka shiga ba. Shafi ɗaya da ke nuna yara nawa, naira nawa, na wata nawa, sannan rahoto da rasit bayan wata uku ba tare da ya tambaya ba, shi ke mayar da kyautar azumi ta zama tallafin shekara-shekara. Ilimin ɗaya ne, tsawon takardar ne ya bambanta.

Ba na so in nuna kamar abin ba shi da tsada. Duk awar da mai reno ta yi a gaban takarda awa ce da ba ta tare da yara, kuma gidajen nan dama hannu bai ishe su ba. Shi ya sa nake ganin zama gajere, awa biyu a mako, a cikin gidan, a kan sanarwar gaske mai ranar rufewa ta gaske, ya fi kwana uku a otal, kuma dole a tanadi wanda zai riƙe yara a lokacin. Akwai kuma haɗarin da kowa ya sani: matashin da ya ƙware sai babbar ƙungiya a Abuja ko Maiduguri ta ɗauke shi da albashin da gidan ba zai iya biya ba. Ba za a hana shi cin gabansa ba. Maganin shi ne a horar da mutum uku tare, mai reno da mai riƙe kuɗi da mai iya kwamfuta, a kuma ajiye kowace takarda da kowane kasafi a fayil ɗin gida, ba a wayar mutum ɗaya ba. A gaya musu tun farko cewa ƙin amincewa ya fi amincewa yawa, har ga manyan ƙungiyoyi, kuma halal ne a rubuta a tambayi dalili.

A gidan su Inna haka muka yi. Mun shafe makonni muna zama bayan la'asar, ita da littafinta, mai riƙe kuɗi da ledar rasit, wata budurwa mai koyar da yara da tsohuwar kwamfutar da aka ba su aro. Takardar farko da muka aika wata gidauniya ba ta yi nasara ba. Ta biyu shafi ɗaya ce da Hausa, aka kai wa wani ɗan kasuwar hatsi da ya saba aiko musu da buhu idan ya tuna. Ya karanta a tsaye a ƙofar shagonsa, ya sa yatsa a kan wani layi.

"Hajiya, wannan gero da kuka sa, anya bai yi yawa ba?"

Inna ta kwance robar littafinta, ta buɗe shafin watan jiya ta miƙa masa.

"Ga shi nan, Alhaji, mudu-mudu, rana-rana. Ka lissafa da kanka."

Ya ja kujera ya zauna, ya ce wa yaron shagonsa ya miƙo masa biro.